Wa Ka Ba Amanar Saƙonka? Bayani a Kan Yadda VPN Ke Aiki

Jawabin da aka gabatar a taron reshe



Zan fara da abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Kwanakin baya, a ofishin malamai, wata abokiyar aikinmu ta miƙo mini wayarta tana kukan cewa caji ba ya zama, data na ƙarewa ba dalili, ga tallace-tallace suna faɗo mata ko'ina. Da na duba sai na tarar da wata manhajar VPN ta kyauta a kunne. Ɗanta ne ya saka mata shekarun baya, ba ta taɓa kashe ta ba, ba ta kuma san sunan kamfanin da ya yi ta ba. Na tambaye ta amfaninta, ta ce: "Ai an ce tana kare mutum." Na ce: "Hajiya, daga wa take kare ki, kuma wa ta damƙa ki a hannunsa?" Sai ta yi shiru. Da wannan wayar take duba albashinta, da ita kuma take tura sakamakon jarrabawar ɗalibanta.

Yawancinmu mun san VPN ne a shekarar 2021, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga ranar 5 ga Yuni har zuwa 13 ga Janairun 2022. A waɗannan watanni bakwai jama'a da dama sun saka manhajar don su kewaye shingen. An ɗage dakatarwar, amma manhajar ta zauna a wayoyi. Abin da nake so mu fita da shi daga wannan zaure magana ɗaya ce: VPN ba ya kawar da buƙatar amincewa da wani. Yana ɗauke amanarka ne daga hannu ɗaya ya mayar da ita wani hannun. Saboda haka wajibi ne mutum ya san hannun da ya karɓa.

Yadda saƙo ke tafiya

Kafin mu gane VPN, sai mun gane hanyar da ya zo gyarawa. Duk abin da ka tura ta intanet, rubutu ne ko hoto ko murya, ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanyanka shi ƙananan ƙunsoshi, kowane ƙunshi kamar wasiƙa a cikin ambulan. A bayan ambulan akwai adireshi biyu: na mai aikawa da na mai karɓa. Wannan shi ake kira adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a intanet. Daga lambar ana iya sanin kamfanin sadarwar da kake amfani da shi, da ƙasar da kake, sau da yawa har da yankin.

Ƙunshin kan tashi daga wayarka zuwa turken sadarwa ko na'urar Wi-Fi, ya bi ta na'urorin kamfanin sadarwa, ya ratsa hannaye da dama. Idan shafin da kake nema yana Turai ko Amurka, sai ya bi ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga gaɓar Legas. A ƙarshe ya isa ga babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ake kira uwar garke. Kowane hannu da ƙunshin ya ratsa dole ya karanta bayan ambulan, in ba haka ba ba zai san inda zai miƙa shi ba.

To, cikin ambulan fa? A da, yawancin saƙonni a buɗe suke tafiya, duk wanda ke kan hanya yana iya karantawa. Yanzu an samu ci gaba. Mafi yawan shafuka suna amfani da tsarin HTTPS, wanda ke kulle abin da ke cikin ambulan tsakanin wayarka da shafin. Manhajojin banki ma suna kulle nasu saƙon. Ke nan mai na'urar Wi-Fi ko kamfanin sadarwa ba ya ganin kalmar sirrinka. Abin da yake gani shi ne sunan shafin da ka ziyarta, da lokacin, da yawan abin da ya wuce. Kada mu raina wannan. Wanda ya san ƙofofin da kake shiga kullum, ta asibiti ce ko ta mai ba da bashi, ya san abubuwa da yawa game da kai ko bai ji abin da aka tattauna a ciki ba.

Ɗan aike da kuma VPN

Dabara ta farko da aka yi ita ce ta sa wakili a tsakani, wato wata uwar garke da ke aikin ɗan aike. Kai ba ka zuwa shafin da kanka. Ka faɗa wa ɗan aike, shi ya je ya karɓo ya kawo maka. Shafin yana ganin adireshin ɗan aiken ne, ba naka ba. Makarantu da ma'aikatu sun daɗe suna amfani da irin wannan wakili don tace shafukan da ba su dace ba, ko don ajiye abin da ake yawan nema saboda tsimin data. Sai dai ɗan aike na gama-gari yana da rauni biyu. Na farko, ba lallai ba ne ya kulle saƙon da ke tsakaninka da shi. Na biyu, yawanci manhaja ɗaya yake yi wa aiki, sauran manhajojin wayar suna bin tsohuwar hanyarsu.

VPN ya haɗa aikin ɗan aike da aikin kwaɗo. Haruffan uku taƙaitawa ce ta kalmomin Ingilishi da ke nufin keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa wadda aka gina a kan hanyar jama'a. Ga yadda abin ke gudana idan ka kunna shi.

Da farko manhajar da ke wayarka za ta tuntuɓi uwar garken VPN, su tantance juna, don kowanne ya tabbata da wanda yake magana da shi. Sannan su amince da wani mabuɗin sirri da su biyu kaɗai suka sani. Daga nan, duk ƙunshin da zai fita daga wayar sai a kulle shi gaba ɗayansa, har da adireshin da ke bayan ambulan, a saka shi cikin sabon ambulan mai ɗauke da adireshin uwar garken VPN. Ambulan a cikin ambulan ke nan. Wannan ne masana ke kwatantawa da rami ko bututu da aka haƙa a ƙarƙashin titin jama'a. Idan ƙunshin ya isa, uwar garken ta buɗe ambulan na waje, ta ga inda saƙon ya nufa, ta tura shi da adireshinta. Amsa ta dawo mata, ta kulle, ta mayar maka ta cikin bututun.

Yanzu mu lissafa abin da kowa ke gani. Kamfanin sadarwa da mai Wi-Fi suna ganin ka haɗu da wata uwar garken VPN, suna ganin lokaci da yawan data, amma ba sa ganin shafukan da kake ziyarta. Shafin da ka nufa yana ganin adireshin VPN, shi ya sa mutum na zaune a Gusau a ɗauka yana Holan. Saura mutum na uku, mai VPN ɗin. Shi yana ganin adireshinka na gaskiya, yana kuma ganin duk inda ka nufa. Abin da ka ɓoye wa kamfanin sadarwa, shi ka buɗe wa. Kuma bututun a ƙofarsa ya ƙare. Daga can zuwa shafin, saƙon yana tafiya ne yadda da ma zai tafi. In shafin yana da kwaɗonsa na HTTPS, to, madalla. In babu, a buɗe zai ƙarasa.

Asalin wannan fasaha ba don ɓuya aka yi ta ba. Kamfanoni da bankuna ne ke son haɗa rassansu da hedikwata ba tare da sun yi hayar layin waya na musamman mai tsada ba. A shekarar 2020, lokacin kullen Korona, da ita ma'aikata da yawa a duniya suka riƙa shiga kwamfutocin ofisoshinsu daga gida. A irin wannan yanayi maganar amana a sarari take, domin uwar garken ta ma'aikatarka ce. Matsala kan taso ne idan uwar garken ta wani ce da ba ka sani ba.

Lissafin mabuɗi

Wani zai tambaya, kuma tambaya ce mai kyau: ta yaya na'urori biyu za su amince da mabuɗin sirri alhali duk abin da suka faɗa wa juna ta hanyar jama'a yake bi? Wannan matsala ta daɗe tana damun masana, har shekarar 1976 da Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford ta Amurka suka wallafa mafita. Malaman lissafi, ku ɗauko biro, domin abin bai fi ƙarfin ɗan babbar sakandare ba.

Mu ɗauka ni da shugaban taro za mu yi sirri a gabanku. Da babbar murya muka amince da lambobi biyu, 23 da 7. Kowa ya ji. Ni na zaɓi lamba a zuciyata, 3. Shi ma ya zaɓi tasa a zuciyarsa, 4. Na ninka 7 da kanta sau uku, na samu 343, na raba da 23, saura 21. Na faɗa a fili: 21. Shi ya ninka 7 da kanta sau huɗu, ya samu 2,401, ya raba da 23, saura 9. Ya faɗa a fili: 9. Yanzu ni na ɗauki 9 ɗinsa na ninka ta da kanta sau uku, 729, na raba da 23, saura 16. Shi ya ɗauki 21 ɗina ya ninka ta da kanta sau huɗu, 194,481, ya raba da 23, saura 16. Mun haɗu a kan 16, kuma babu wanda ya furta ta. Ku kun ji 23 da 7 da 21 da 9 kawai.

Da ƙananan lambobi irin waɗannan, ɗalibi mai haƙuri zai gano sirrin ta hanyar gwaji. Amma idan lambobin suna da ɗaruruwan alƙaluma, yin lissafin gaba abu ne mai sauƙi ga waya, komawa baya kuwa ya gagari manyan kwamfutocin da ake da su a yau. Da wannan dabara, ko 'yar uwarta ta zamani, VPN ke samar da mabuɗi.

Bayan an samu mabuɗi sai a kulle saƙon da shi. Ɗaya daga cikin makullan da aka fi amfani da su shi ne AES, wanda wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira, hukumar ma'aunai ta Amurka ta amince da shi a 2001. A mafi ƙarfin nau'insa, yawan mabuɗan da ɓarawo zai gwada lamba ce mai alƙaluma 78. Saboda haka ɓarayi ba sa wahalar da kansu da fasa kwaɗon. Katangar da ta fi gajarta suke nema.

Tsarin gina bututun ma iri-iri ne, kuma ba duka suke da ƙarfi ɗaya ba. Akwai PPTP, wanda Microsoft ya jagoranci samarwa a shekarun 1990. A 2012 masu bincike suka nuna a bainar jama'a cewa ana iya fasa shi, a 2016 kuma Apple ya cire shi daga na'urorinsa. Akwai IPsec da manyan ma'aikatu ke amfani da shi. Akwai OpenVPN da James Yonan ya fitar a 2001. Sai WireGuard na Jason Donenfeld, wanda aka shigar cikin tsarin Linux a 2020. An yaba masa ne saboda ƙanƙantarsa: layukan umarninsa kimanin 4,000 ne, don haka masu bincike suna iya karanta shi tsaf su nemo kuskure. Mu malamai mun san bambancin duba takarda mai shafi biyu da duba mai shafi ɗari.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Riƙe uwar garke a ƙasashe da dama yana cin kuɗi. Idan kamfani ya ba ka wannan hidima kyauta, ka tambayi kanka inda yake mayar da kuɗinsa. Ga misalai uku da suka tabbata.

A 2013 Facebook ya sayi wani kamfani mai suna Onavo, wanda ke ba da VPN kyauta. Daga baya ta bayyana cewa da shi Facebook ke nazarin manhajojin da mutane ke amfani da su a wayoyinsu, don ya san abokan hamayyar da ke tasowa. A 2018 aka cire manhajar daga kasuwar Apple, a 2019 aka rufe ta. A 2015 kuma aka gano cewa Hola, wata shahararriyar manhajar kyauta, tana sayar da hanyar intanet ta masu amfani da ita ga wasu. Ma'ana, baƙo yana iya aikata abin da ya ga dama da adireshinka, kai kana barci. Sannan a 2016 wasu masu bincike, ciki har da na hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, suka gwada manhajojin VPN 283 na wayoyin Android. Sun tarar kashi 18 cikin ɗari ba sa kulle saƙon ko kaɗan, kashi 38 kuma suna ɗauke da alamun muguwar manhaja. Wanda ya saka irin wannan don tsoron leƙen kamfanin sadarwa, ya guje wa gara ne ya faɗa gidan zago.

Ko kamfanin kirki ma yana ƙarƙashin dokar ƙasar da na'urorinsa suke. A 2022 Indiya ta umarci masu VPN su riƙa ajiye bayanan abokan cinikinsu na tsawon shekara biyar. Wasu manyan kamfanoni, kamar ExpressVPN da NordVPN, suka gwammace su kwashe na'urorinsu daga ƙasar. Darasin shi ne alkawarin da aka rubuta a talla yana da iyaka, kuma doka ce iyakarsa.

Akwai kuma raunin da daga gare mu yake. A shekarar 2021 'yan damfara suka kutsa kwamfutocin Colonial Pipeline, kamfanin da ke tura kusan rabin man da ake sha a gaɓar gabashin Amurka. Aka rufe bututun man na kwanaki, gidajen mai suka cika da layi, kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Ta ina suka shiga? Ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kalmar sirrinsa ta faɗa hannunsu, kuma babu mataki na biyu na tantancewa. Ba su fasa lissafin Diffie da Hellman ba. Mabuɗi suka tsinta.

Abin da VPN ba ya yi

VPN ba ya hana damfara. Idan wani ya kira ka ya ce daga banki yake, ka karanta masa lambar da aka turo maka, babu bututun da zai cece ka. Idan ka latsa saƙon da ke cewa an buɗe rajistar bashi ko ƙarin girma, ka zuba bayananka a shafin bogi, VPN zai kai wa ɓarawon saƙonka a kulle, lafiya lau. Ba ya ɓoye ka ga shafin da ka shiga da sunanka: Facebook ya san kai ne ko daga ina ka ɓullo. Ba ya cire muguwar manhajar da ta riga ta shiga waya. Ba ya halatta abin da doka ta hana. Yawanci ma yakan rage saurin intanet ya ƙara cin caji, domin saƙonka yana yin zagaye. Kuma wasu bankuna kan tsayar da mu'amala idan suka ga asusun malamin ƙauye ya ɓullo daga wata nahiya da tsakar dare.

Abin da nake ba mu shawara

Na ɗaya, yau ɗin nan kowa ya duba wayarsa da ta 'ya'yansa. Duk manhajar VPN da ba ka san mai ita ba, ka cire ta. Ga mai amfani da datar layinsa yana shiga banki da sanannun shafuka, zama babu VPN ya fi zama da na banza.

Na biyu, VPN yana da ranarsa. Idan an tura ka bita ko aikin duba takardun jarrabawa, za ka yi amfani da Wi-Fi na otal ko na zauren taro da ba ka san mai kula da shi ba, yana da amfani. Haka nan idan ma'aikata ta ba ka nata don shiga rumbun bayananta.

Na uku, idan za ka zaɓa, ka yi tambayoyin da za ka yi kafin ka ba mutum ajiya. Wane ne mai kamfanin? A wace ƙasa yake da rajista? Ta ina yake samun kuɗi? Shin masu bincike na waje sun taɓa duba iƙirarinsa na cewa ba ya ajiye bayanai? Ka zaɓi mai amfani da WireGuard ko OpenVPN ko IPsec, ka guji PPTP. Ka kuma kunna tsarin da ke katse intanet ɗin wayar gaba ɗaya idan bututun ya yanke, don kada saƙo ya fita a buɗe ba ka sani ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci: kowane asusu da kalmar sirrinsa daban, kuma a kunna tantancewa mai mataki biyu a imel da WhatsApp da duk inda ta samu. Shugabannin makarantu, idan malami ya bar aiki ko an canja masa wuri, a rufe asusunsa a ranar.

'Yan uwa, a wayoyinmu akwai sunayen 'ya'yan mutane, da ranakun haihuwarsu, da hotunansu, da lambobin iyayensu, da makin da suka ci. Tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, amma tun kafin doka iyaye sun ba mu wannan ajiya ne bisa yarda. Ba za mu ba baƙon da muka haɗu da shi a tasha rajistar ajinmu ya riƙe mana ba. To, kada mu ba manhajar da ba mu san mai ita ba.

Abokiyar aikin nan tamu ta cire manhajar a ranar, ta canja kalmomin sirrinta, kuma ita ce ta ce lallai in kawo maganar gaban reshe. Duk wanda yake son a duba wayarsa, ina nan a bakin zaure bayan an tashi.